Rasuwar Ta-Mirya, Tukunyar Tsami ta Ɗakin Delu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa biyu da har yau ba su rabu da warin ruwan jabel na wanke masai ba, Delu 'yar Mariamu, mazauniyar unguwar Gubaira a birnin Riyad, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karya kumallo da kokonta ko masarta, rasuwar tukunyarta ta tsami, wadda aka fi sani da Ta-Mirya. Ta rasu rana ta uku ga Babbar Salla, tsakanin azahar da la'asar, a banɗakin ɗaki mai lamba tara, hawa na biyu. Ba wanda ya san shekarunta daidai. Mata huɗu ta zauna da su, ta ga bayan uku, ta huɗun ce ke wannan rubutu.

Delu ta san ba a yi wa tukunya salla, ba sai an aiko mata da malami ya tuna mata ba. Amma abin da ya shekara ashirin da biyu yana numfashi a kusurwar ɗakin mutum, ranar da ya yi shiru dole a faɗa wa jama'a.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, baƙar tukunyar ƙasa ce, girmanta bai wuce na kankana ba. A garin Mirya na ƙasar Damagaram aka gina ta, shi ya sa sunan ya bi ta. Tana da ɓalli a leɓe ɗaya, da sawun babban yatsan maginiyar a wuya, wanda duk macen da ta gaje ta sai ta sa nata yatsan a ciki ta gwada. Darajarta ba a jikinta take ba, a abin da jikin ya sha take. Ba a taɓa wanke ta da sabulu ba. Duk ƙullun da aka kwashe sai a bar ɗan kaɗan a gindi, shi ne iri. In aka zuba sabon ƙullu a kai aka rufe da faifai, sai irin ya farka ya kama aiki, ƙullu ya tashi, ya yi tsami, ya yi ƙamshi. Irin da ke cikinta ranar da ta rasu, shi ne wanda aka fara tun kafin a haifi kakar Delu, ba a taɓa yanke shi ba.

Tarihinta yana da wani gefe da ba a cika faɗa ba, amma yau ba ranar ɓoyo ba ce. Wadda ta fara mallakarta ita ce Kande, kakar uwar Delu, a wani ƙauye kusa da Tasawa, tun gidansu bai kama salla ba. Kande burkutu take yi na kasuwa, kuma a cikin wannan 'yar tukunya take ajiye irin da take tayar da manyan randunanta. Da 'yarta Bilƙisu ta kama salla, ta fasa randunan duka a bayan gida, ta ɗaga wannan ita ma za ta buga da ƙasa, sai ta ji tana ɓul… ɓul a hannunta, kamar jariri mai shaƙuwa. Hannu ya yi sanyi. Tukunyar ta suɓuce ta faɗi a kan yashi, leɓe kawai ya ɓalle. Bilƙisu ta ɗauke ta ta ce to, in za ta zauna gidan nan sai dai ta bi halin gidan. Daga ranar Ta-Mirya ba ta ƙara ganin komai ba sai ƙullun koko da na masa da gasarar kunu. A gidansu cewa ake yi tare suka tuba.

Ranar da za a kai Delu ɗakin mijinta, Mariamu ta zaunar da ita ta ɗora mata tukunyar a cinya, ta gindaya mata sharuɗɗa. Kada sabulu ya taɓa ta. Kada ta kwana uku da yunwa. Kada ƙullu ya wuce kwana biyu a cikinta. Kada a ba bare irinta, daga uwa sai 'ya. Na ƙarshen kuwa sai da ta rage murya, ta ce kada ta kuskura ta ba ta dawar da ta tsira, domin tsohuwar ba ta manta aikinta na farko ba, kawaici kawai take yi.

Da wannan tukunya Delu ta hau jirgi ta biyo mijinta Haruna ƙasar nan, a naɗe cikin zani uku, irin ya bushe a cikinta kamar ɓawon ƙanzo. Duk wanda ya gani sai ya yi dariya, wai mutane na tafiya da akwati ita tana tafiya da kasko. Kwana biyu da sauka ta jiƙa gero ta niƙa ta zuba, ta zauna tana jira a ɗakin da ba ta san kowa ba, cikin garin da ba ta jin ko kalma ɗaya ta yarensa. Wajen hantsi ta ji ɓul. Wannan ce Hausar farko da aka yi mata a Riyad ban da ta Haruna.

Marigayiyar mai zaɓe ce, ba a ɓoye wannan. Ba kai ke yanke abin da za ka dafa ka kawo mata ba, sai ka fara sanin abin da take so, sa'an nan ka ga me za ka iya fitarwa daga ciki. Shekara biyu Delu ta yi tana koyon halinta a baƙon wuri. Geron gida shi ne abincin ranta. Geron da ake sayarwa a nan, wanda suke ce wa dukhun, tana karɓa, amma sai an ƙara masa rabin yini a ruwa. Doguwar shinkafar nan ta kabsa, dafa-dukan mutanen nan, kuwa ko kallonta ba ta yi, ƙullun zai kwanta a cikinta kamar an zuba a bokitin roba. Gajerar shinkafar Masar ce ta masa, da ita ne take tashi har ta ɗaga faifai. Ruwan famfo yana sa ta fushi saboda maganin da ke ciki, sai an tara shi a buɗe ya kwana ya huce. Tana son citta da kanumfari. Kirfa kaɗan take so, in ta yi yawa sai ta mayar da ƙamshin ya zama kamar na tsohon akwati. Sukari kuwa ba a sa mata tun farko, don ba ta barin zaƙi ko kaɗan, cinye shi take yi tas, ta bar maka abu wasai a harshe. Wanda ke son zaƙi sai ya sa a kofinsa.

Ba ta jituwa da mukayyif, na'urar sanyin ɗaki. Dalilinta ne ɗakin Delu ya zama ɗakin da baƙi ba sa daɗewa. Ita zafi take so. Lokacin sanyi sai an lulluɓe ta da bargon Haruna, ta yi ta nawa, kwana biyu cur kafin ta ba da abin kirki, shi ma tsami ne zalla, sai a yi koko da shi a haƙura da masa. Da zafi ya shigo kuwa, wanda ke sa kowa a garin nan ya ɓuya, ita lokacin take warwarewa. Rabin yini ya ishe ta. A lokacin ne kunun ke fita da ƙamshin ɓawon lemo da ɗan yaji-yaji kamar na masoro, alhali ba a sa ko ɗaya ba. Mata sun sha rutsa Delu wai ta faɗi sirrin da take zubawa. Ba ta zuba komai. Wanda ya yi masa da yis ɗin kanti ya san bambanci: yis ɗan aike ne, abin da ka ce shi zai yi, da sauri, bai ƙara komai nasa. Ta-Mirya kuwa tana da ra'ayi.

Kuma tana da murya. In tana cikin daɗi, ɓul… ɓul-ɓul, a hankali, kamar tsohuwa na jan carbi. In ta ƙoshi, sai tsss, siriri, daga ƙarƙashin faifai. In ruwa bai yi mata ba, sai ta yi ɓul ɗaya ta yi shiru, ta bar ka da kunyarka. Haruna, Allah ya ji ƙansa, in ya dawo daga gareji sai ya gai da matarsa sa'an nan ya juya kusurwa ya ce, tsohuwa, an wuni lafiya? Shekara shida ke nan da aka binne shi a garin nan. Bayan an watse daga zaman makokinsa, muryar tukunyar ce ta hana ɗakin zama kango.

Yanzu sai maganar ciwon ajali. An saba a rubuta "bayan gajeruwar rashin lafiya", a wuce. Delu ta rubuta hakan sau biyu ta goge, don ba gaskiya ba ne. Ta-Mirya ba ta yi ciwo ba. Ranar da ta rasu ta fi kowace rana lafiya.

Delu tana aikin girki a wani gida a unguwar Al-Shifa. Uwar gidan mutumiyar Makka ce, aure ya kawo ta Riyad, kuma ta daɗe da ɗanɗana kunun Delu tana yabawa. Ana saura mako guda Salla ta kira ta kicin ta ce tana marmarin subiya irin ta garinsu, ta buɗe baki da ita ranar azumin Arfa, wadda ake sayarwa a leda ba ta yi mata. Ta lissafa yadda ake yi: sha'ir, zabibi, kirfa, sukari, a jiƙa a bar shi ya ɗan tashi. Ta ce a yi a cikin tukunyar nan taki mai albarka. Delu ta ji daɗi har cikin ƙashi. Shekara tara tana gidan, ba a taɓa neman wani abu nata na kanta ba sai ranar.

Ta jiƙa sha'ir ta tsane, ta rufe da ɗanyen buhu ta tafi aiki. Watan Yuni ne. Kwana biyu ba ta samu ta waiwaye shi ba, da ta ɗaga buhun sai ta ga duk ya fitar da fararen 'yan wutsiyoyi. Ta tsaya tana kallo. Maganar Mariamu ta zo mata, ba za ta ce ba ta zo ba. Amma sai ta ce a ranta, ai dawa Inna ta ce, Inna ko sha'ir ba ta taɓa gani ba a rayuwarta, kuma zubar da hatsi ba kyau. Ta shanya shi a rufin bene, ta niƙa, ta dafa sama-sama yadda aka kwatanta mata, ta zuba zabibi cike da hannu biyu da sukari, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ya huce ta juye a kan irin ta rufe. Tun ba ta gama wanke ludayi ba ta ji ɓul-ɓul-ɓul. Ba ta taɓa jin tukunyar ta amsa da wuri haka ba. Maimakon ta tsorata sai ta yi murmushi.

Niyyarta washegari ta kwashe ta tace. Amma da safe direban gidan ya iso yana ta matsa ƙaho, wai baƙi sun sauka daga Jidda tun kafin lokacinsu, a zo yanzu, a taho da yarinya ma ta taimaka. Delu da 'yarta Muhibba suka kulle ɗaki suka fita da kayan jikinsu, da nufin su dawo da yamma. Ba su dawo ba sai bayan kwana biyar. Ranar Arfa uwar gidan ta ma manta da zancen subiya, mutum talatin ake dafa wa. Sai Salla, sai raguna huɗu, sai yanka da suya da rabo. Delu tana yankan nama tana ƙirga kwanaki a ranta. Ta nemi izinin awa biyu sau biyu, aka ce bayan la'asar, bayan la'asar ɗin kuma wata mota ta sake sauke mutane. Tukunya tana can a ɗaki a kulle, taga a rufe, rana na dukan bango tun safe har yamma.

Tun daga ƙofar gidan hayar Delu ta ji warin. Sau ɗaya ta taɓa jin sa, tana yarinya, a bayan kasuwar ƙauye inda aka hana su zuwa, amma hancinta ya gane shi kamar ɗan'uwa. Ya cika matattakala. Mata na leƙowa suna komawa. A hawa na farko mai gadin gidan, wanda a nan ake ce wa haris, yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya da waya a hannu, yana cewa mai gida ya ce in ba a gano ɗakin ba kafin la'asar za a kira 'yan sanda su bincika da kansu. Kowa a layin ya san abin da ya faru da wani gida a bayansu bara, inda aka kama masu dafa abin maye aka kwashe har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Delu tana da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Takardun Muhibba kuwa tun rasuwar babanta suke rawa. Yarinyar da aka haifa a nan, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, wadda ba ta san ko hanyar Tasawa ba, kuma saura wata huɗu a ɗaura mata aure da Jibirilla mai gyaran wuta, wanda ita ta zaɓo da kanta.

A nan dole a ambaci Turai, maƙwabciyar Delu ta ɗaki na takwas, mutumiyar Damagaram, mai tuyar masa ita ma. Sau uku Turai ta roƙi iri a shekarun nan, sau uku Delu ta hana, ta ce ba nata ba ne balle ta bayar. Shekara biyu da suka wuce masar Turai ta canza, ta fara ɗan ƙamshin lemon nan. Delu ta tuna wata rana da ta bar mata makulli don mai gyaran famfo, ta je har ƙofarta ta ce ta rantse ba ta sa cokali a tukunyarta ba. Turai ta ce ita ba ta rantsuwa a kan ƙullu, ta rufe ƙofa. Wata guda ba su gaisa ba, bayan nan ma gaisuwar ta baki ce kawai.

Wannan Turai ce ta tare haris a kan matattakala. Ta kalli Delu sau ɗaya, kallon wadda ta daɗe da sanin ɗakin da warin ke fitowa, ta ce a hankali, "Maman Muhibba, wuce ki sauke kayanki, kin sha hanya." Sai ta juya kan haris da Larabcinta na kasuwa, ta ce ai kayan cikin ragonta ne ta manta a bokiti, ya zo ya gani da idonsa, ya kuma ɗanɗana soyen da ta yi kafin ya kira wa bayin Allah hukuma ranar Salla. Ta ja shi ɗakinta tana magana ba tsayawa.

Delu ta buɗe ƙofa ta mayar ta rufe. Faifai yana ƙasa, an tunkuɗe shi. Kumfa fari sol ya hau ya zubo ta wajen ɓallin, ya gangaro har kan gammo. Tukunyar tana ɓul-ɓul-ɓul-ɓul, tana tsss, tana ɓul, ba hutu, kamar mai guɗa. Shekara ashirin da biyu suna tare, Delu ba ta taɓa ganinta cikin farin ciki irin na ranar ba. Shekara tamanin ko fiye tana kawaici da koko, ranar nan aka ba ta abin da take so.

Muhibba ta tsaya jikin ƙofa, ta kira uwarta yadda yaran garin nan suke yi, ta ce, "Yumma, me za mu yi?"

Delu ta sunkuya. Ta ɗauki tukunyar da hannu biyu, da ɗuminta, tana motsi a ƙirjinta. Ta kai banɗaki ta juye. Warin ya ƙara tashi. Ta ɗauraye da ruwa, bai tafi ba, domin ba a cikin tukunyar yake ba, a jikinta yake. Sai ta miƙa hannu bayan ƙofa ta ɗauko jarkar jabel, ruwan nan mai kashe komai da ake wanke masai da shi, ta tuttula har wuya. Ta ji ɓul. Ta ƙara. Ta sake jin ɓul, ƙarami, daga can gindi. Ta ce Muhibba ta kawo tafasasshen ruwa. Sau uku ta yi haka. Ta jefa faifai da ludayi da gammo da zanin rufi a bokiti ta bi su da jabel, ta wanke ƙasa, ta wanke bango. Ko cokali ɗaya ba ta ware ba. Tunanin hakan bai zo mata ba sai da ta miƙe tsaye.

Da haris ya ƙwanƙwasa, mai maiƙon suya a baki, ya leƙa ya ja numfashi sai tari ya sarƙe shi. Ya ce masha Allah, tsafta, ya wuce ɗaki na goma. Ba a kira kowa ba. Muhibba tana nan, za a yi aurenta a lokacin da aka sa. Delu ta gode wa Allah a kan wannan, kuma da za a mayar da ita ranar, abin da ta yi shi za ta sake yi. Wannan ne ma ya fi ci mata rai.

Ta gwada ceto. Ta jiƙa tukunyar a ruwan da ya huce kwana bakwai, ta shanya a rana. Ta nemo geron gida wajen wata da ta dawo daga Maraɗi, ta niƙa ta zuba, ta lulluɓe da bargon Haruna duk da zafi. Ƙullu ya kwanta. Kwana na uku ya yi furfura a sama ya fara warin ruɓa. Ta sake, ta sake. Tukunyar tana nan lafiya lau a ido, ko tsaga babu, yatsan Delu na shiga sawun maginiya kamar kullum. Babu kowa a ciki ne kawai.

Sai dai muryar ba ta tafi ba. Delu tana yanka albasa a kicin ɗin Al-Shifa sai ta ji ɓul a bayanta, ta juya, babu komai a wuta. Ta ji a cikin metiro, jirgin ƙasan nan na cikin gari, tsakanin tasha da tasha. Ta ji tana zaune a tahiyar la'asar, har ta rasa raka'a nawa ta yi. Ba muryar murnar nan ta ranar ƙarshe take ji ba, ƙaramar nan ce, ta can gindi, wadda ta fito bayan an zuba jabel na biyu. In ta ji ta sai fuskokin su biyo baya a jere, Mariamu, da Bilƙisu da ta san ta da tsufa, da Kande da ba ta taɓa gani ba amma ta san ita ce. Ba sa faɗa, ba sa zargi. Kallon hannunta kawai suke yi.

Muhibba da farko cewa take yi, khalas Yumma, ya isa haka, tukunya ce fa, ga yis nan a kanti. Yarinyar ba ta da laifi. Amma ranar Talatar da ta wuce, da rana tsaka, suna tsintar shinkafa su biyu, sai Muhibba ta ɗaga kai ta dubi kusurwa, hannunta ya tsaya a cikin tire.

Ta ce, "Yumma, kin ji?"

Delu ta ce ta ji. Suka ci gaba da tsinta.

Marigayiyar ta bar ludayi ɗaya da faifai ɗaya, dukkansu sun yi fari sun daina ƙamshin komai. Ta bar tanda mai gida bakwai, wadda tun ranar ba a ɗora ta a wuta ba. Ta bar masu shan koko da dama a Gubaira, waɗanda yanzu ke tsayawa a ƙofa da kwano su tuna su juya. Ta bar kuma wata sabuwar tukunya ja, ita ma ginin Mirya, wadda Delu ta yi sautu tun bara aka kawo mata a cikin kayan wani direba. Al'adar gidansu ita ce, in 'ya za ta yi aure, a shafe cikin sabuwa da ƙullun tsohuwa, a ajiye su gefe da gefe kwana bakwai har ƙaramar ta koyi magana. Delu ta yi ta ɗaga ranar, tana cewa sai biki ya matso. Sabuwar tana ƙarƙashin gado, ba ta taɓa jin muryar uwarta ba.

Iri kuwa, a sanin Delu, ba ta bar ko ɗaya ba. 'Yan'uwan Mariamu duk sun rasu, nasu tukwanen sun bi su. Delu ta kiyaye sharaɗin hana bare fiye da yadda ta kiyaye sauran, ta yi alfahari da hakan shekara da shekaru. Wanda ya kamata ta riƙe ta sake, wanda da ta sake zai cece ta shi ta riƙe.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar. Jibirilla zai kai su a motarsa ta aiki can kudu, bayan Al-Shifa, inda gine-gine suka ƙare, akwai wani kwari mai itatuwan ƙaya irin na gida. Ba za a fasa ta ba. Za a naɗe ta a zanin da ta zo ƙasar nan a ciki, a kwantar da ita a gefe, bakinta na kallon yamma, inda alƙibla take a garin nan. Mota mai mutum biyar ce, an ajiye wa Turai gurbi ɗaya in za ta je.

Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar da hantsi a ɗaki na tara. Ba koko, ba masa, shayi ne kawai. Kada kowa ya wahalar da kansa da kawo sukari ko sabulu.

Roƙo ɗaya Delu take da shi, kuma ta san wadda za ta karanta ta gane. Ranar Asabar ɗin, daga azahar zuwa la'asar, za ta ajiye sabuwar tukunyar a bakin ƙofa daga waje, da faifai a kai. Ita da Muhibba za su hau rufin bene shanya, ba za su sauko ba sai an kira salla, ba kuma wanda zai tsaya yana leƙe. Duk wadda ta taɓa shiga ɗakin nan ba mai shi, ta ɗaga faifai ta ɗebi ko da cokali ɗaya ne, ko abin da ya maƙale a yatsa, ta kai ɗakinta ta raya shi, Delu ta yafe mata duniya da lahira, ta kuma janye maganar rantsuwa, ita ce ma ke neman gafara. Ta zo ta zuba ta koma. Ba za a tambaya ba, ba za a yi godiya a gaban mutane ba, sai in ita ta so.

Gero yana jiƙe tun jiya, ruwa ma an tara ya huce. In Delu ta sauko ba za ta ɗaga faifan ba. Za ta durƙusa ne ta kara kunne. In yis ne na kanti aka zuba don a kwantar mata da hankali za ta sani, in kuma Ta-Mirya ce, da ɓul ɗaya za ta gane ta.